Lamba Sha Huɗu Za Ta Jira

Zuwa ga Tanti Hamsatou, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara wa gwiwar nan sauƙi, ya sa hidimar bikin Kouloussoum ta zo da albarka. Mu nan Greensboro lafiya lau. Ɗana Haidar ya shiga aji biyu, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci kamar ma'aikacin banki.

Saƙonninki sun iso, duka bakwai ɗin. Kin ce in je in gano abin da ya riƙe Kawu Maazou, saura wata guda a ɗaura auren 'yarsa amma ko tikiti bai saya ba. Na je ranar Asabar. Ban same shi a garejinsu na Wendover ba, aka kwatanta mini wani gida a Sedgefield, daura da filin da dattawa ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda. A bayan gidan na tarar da shi, ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan inji, ya manna mariƙinsa a kunne, ido rufe, yadda ya koya a tashar Maraɗi kan manyan motocin Agadas.

Tanti, na tafi da niyyar faɗa, amma motar ta ɗauke mini hankali. Tsayinta bai kai ƙuguna ba. Shuɗiya ce, mai dogon baya, ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikan fara, da lamba sha huɗu a gefenta. Mai ita, Mista Pruitt, tsoho ne ɗan shekara tamanin da ɗaya, kuma shi ya tuƙa ta lokacin yana da ƙarfinsa. Ya ce ba a ƙera ta don titi ba, sai don tseren juriya, inda mota ke zagaye fili awa ashirin da huɗu, direbobi uku suna karɓeɓeniya. Ta yi tsere goma sha ɗaya, a Faransa da Florida da wasu wurare. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Amma goma daga ciki ta kammala da ƙafarta, alhali waɗanda suka fi ta gudu suna gefen hanya suna hayaƙi. A cikin ruwan sama ta taɓa zuwa ta uku da fitila ɗaya. Ni da na karanta lissafi na san goma cikin sha ɗaya ba sa'a ba ce, hali ne.

Na tambaye shi labarin ɗayan da ba ta gama ba. Ya ce laifinsa ne. Makanikensu na lokacin ya ji wani ƙara a inji ya ce ya shigo a duba, shi kuwa yana matsayi na biyu a tseren, ya ƙi. Saura minti arba'in a gama, injin ya fashe. Tun daga ranar take ajiye, shekara talatin da shida, kuma ya rantse ba za ta ƙara fita ba sai da mai kunne a gefen fili. Kawu ne mai kunnen. Shekara huɗu yana zuwa duk ƙarshen mako yana tada ta ƙusa bayan ƙusa. An sa ta a tseren tsofaffin motoci a Virginia, kuma ranar ta faɗo daidai da Asabar ɗin ɗaurin aure.

Na ce wa Mista Pruitt ai ya san abin da Kawu zai rasa. Ya ce Kawu ya ambata masa wata 'yar hidima a gida, shi ke nan. Ashe shekara huɗu suna shan shayi tare, Kawu ya san sunan kowane kare na gidan, amma tsohon nan yana zaton 'ya'yansa biyu ne, Sanda da Soumaïla. Kunyar 'yar fari ta hana shi buɗe baki ya ce yana da Kouloussoum, balle ya ce aurenta za a yi. Baturen da bai san kara ba kuwa, in ka ce masa 'yar hidima, 'yar hidima ya ji. Sai na faɗa masa dalla-dalla. Kawu ya harare ni, ya ce boko ya cire mini kunya. Ban musa ba.

Tsohon ya shafa rufin motar, sannan ya ɗauki waya ya janye sunanta daga tseren. Kawu ya ce a nemi wani makanike, tsohon ya ƙi. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ƙin tsayawa lokacin da ya kamata, ya ga sakamakon. Wadda ta jira shekara talatin da shida za ta jira guda ɗaya, ta shiga tseren baɗi. Na tuna shekarunsa, na bar lissafina a cikina. Suka tada injin sau ɗaya, tagogi suka ɗauki karkarwa, suka kashe. Kawu ya ajiye sukudirebansa a kujerar direba, ya rufe motar da ƙyalle, ya ja ƙofar garejin ƙasa, muka fito.

Kawu zai sauka Yamai ranar Laraba kafin biki. Roƙona ɗaya, Tanti. Na san kina shirin riƙe fasfo ɗinsa in ya zo. Alheri danƙo ne. In an watse daga biki, ki bar shi ya dawo. Akwai tsohon da ya ba ku shekara guda, kuma ba shi da su da yawa.

Ki gaishe da amarya, da Sanda da Soumaïla, da Hajiya Bebi, da Malam Younoussa na maƙwabta. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

'Yarki mara kunya,
Anissa