Ba Layar Zana Nake Haɗawa Ba

Sabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya Hajiya da yara, ya ƙafar Baba?

Raina a ɓace yake. Ranar Juma'a a masallacin unguwar Whitechapel, nan ƙasar Turawa, aka miƙo mini kaset ɗin Baba. Yana kuka, wai in tuba, in daina haɗa wa jiragen yaƙin Turawa layar zana. Kai kaɗai na yi wa bayanin aikina. Cewa na yi muna karkata jikin jirgin ruwa don kada na'urar radar ta abokan gāba ta hango shi daga nesa. Lissafi ne da ƙarfe. Shekara uku ina wannan karatu, yau ni ne boka?

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kai kuma ka je gaban Baba ka gyara da bakin da ka ɓata.

Yayanka,
Habibu