Ranar da Surukinki Ya Goya Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto miki ne daga Alƙahira ta ƙasar Masar. Na san da kina da rai sai kin riƙe baki, ke da ba ki taɓa wuce Sakkwato ba. Baba muka kawo asibiti.

Bayan rasuwarki ya zame a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, yana jan injin ban-ruwa, ƙugunsa ya goce. Masu ɗori sun yi nasu, asibiti sun yi nasu, daga ƙarshe aka ce sai an sa masa na ƙarfe. Albasa da tafarnuwar da muka noma da rani duk muka sayar, muka jinginar da fadamarsa ta wajen Goronyo. Abin da aka haɗa zai isa aikin, amma ba zai ɗauki otal na wata biyu ba, ga ni, ga mijina Sani, ga Baba, ga jaririyata mai sunanki.

Neman gida mai sauƙi ya hau kaina. Wani malami ɗan Rabah da ke karatu a nan ya yi ta mana cigiya, ni kuma ina ta jero masa tambayoyi irin naki a waya. Akwai ruwa? Maƙwabta masu mutunci ne? Za a bar ni in tuƙa tuwo? Har alƙibla sai da na tambaya. Tun muna Wurno muka biya hayar wata biyu, ina ta yabon kaina.

Inna, abu ɗaya na manta: ban tambayi hawa na nawa ba ne. Wa ke tambayar wannan a garinmu? Mu gida a ƙasa muka san shi. Shi ma malamin, mara lafiya muka ce masa, ba mu ce ƙafa ba ce.

Hawa na shida, Inna, kuma babu injin da ke kai mutum sama. Mai gidan ya ce ba ya mayar da kuɗi. In muka kama wani wurin, kuɗin aikin Baba za mu taɓa.

Baba ya zauna a kan jakarsa a gindin matakala, ya dubi sama, ya dubi Sani. Ke kin san su. Shekara goma sha biyu Sani bai taɓa cin abinci a gabansa ba, tun daga zaure yake cire takalmi, gaisuwarsu kuwa kowa ƙasa yake kallo. Maganar Baba har yanzu tana kunnena: “Ni surukina ka goya ni? Ku maishe ni Wurno in mutu da gurguntata.”

Tun azahar muke wurin har aka kira la'asar. Na roƙe shi, na yi kuka, har sunanki na ambata, bai ko ɗago kai ba. Tsoro ya kama ni sosai, don kin san Babanmu in ya kafe.

Sai Sani ya matso gaban Baba. Ya cire takalminsa ya durƙusa kamar zai gaishe shi, sai ya juya masa baya, ya zauna a haka. Ya daɗe a durƙushe har ƙafafunsa suka fara rawa. Ina jin wannan rawar ce Baba ya kasa jure gani. Ya janyo hularsa ya rufe ido, ya miƙa hannu.

Haka muka hau, ni da goyona, Sani da nasa. A kowane hawa sai an tsaya an huta, babu mai magana, sai nishi.

Yau sati uku ke nan. Duk ranar zuwa asibiti a sauka a hau. A satin farko hular na rufe da ido. A na biyu ta koma bisa kai. Yanzu tun daga hawa na huɗu nake jiyo gardamarsu a kan yaushe za a sako ruwan dam ɗin Goronyo, da wa ya fi iya dashen albasa.

Jiya na dawo daga sayen burodi na tarar da Sani kwance rub da ciki a kan tabarma, Baba zaune kusa da shi yana shafa masa man zafi a baya. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Baba ko kunya, ya ce, “Mi kike kallo? Kabu-kabuna nike gyara.” Na shige kicin na yi dariya, daga nan na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da ke. Na yi kewarki, Inna. Ke kaɗai za ki san girman abin da na gani.

Kuɗin aikin suna nan ba mu taɓa ba. Jibi da safe za a shiga da shi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya tashi kafaɗun mijinki ya taka ƙasar Wurno da ƙafarsa. Shi kuma Sani, Allah Ya ba shi 'ya'yan da za su durƙusa masa haka.

Ɗiyarki da ke kewarki,
Hadiza