Dokar Banki Ba Ta San Inna Ba

Legas, farkon Nuwamba

Zuwa ga Safiyyatu, uwar Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Nasiha da duk mutanen gida. Yaya makaranta da ɗalibanki? Na zauna rubutu ne saboda wayarmu ba ta taɓa kaiwa sallama, da na fara magana sai a kira ni. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta a natse.

Na ji abin da kika ce, cewa da kika je Kebbe kin tarar ko kunu ba ya wuce wa Inna Atu. Washegari na nemi hutu. Ogana ya ce sai an gama cinikin da ke hannunmu, hannun jarin wani kamfanin siminti da muke sayarwa. Tun da na shigo bankin nan ban taɓa ganin ranar da babu ciniki a hannu ba, don haka na wuce ofishin kula da ma'aikata.

Matar da ke wurin ta ce hutun gaggawa sai don uwa, ko uba, ko mata, ko ɗa. Ta tambaye ni mece ce Inna a wurina. Na ce ƙanwar babana ce, kuma uwata. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, cewa a gidanmu ɗan fari ba ya tashi a ɗakin wadda ta haife shi, kunya ba ta bari. Ana yaye ni aka kai ni Kebbe. Inna ce ta goya ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, ita ta tsaya a bayana ranar da na zo neman aurenki. Hajiya ta Tambuwal kuwa, wadda ta haife ni, har yau ba ta taɓa kama sunana ba, “na Atu” take cewa. Matar ta yi murmushi ta ce al'adar ta burge ta ƙwarai, amma a doka Inna goggo ce.

Safiyyatu, raina ya ɓaci. A ƙofar shiga bankin nan an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mu iyali ɗaya ne. Abincin rana kyauta, na yamma ma kyauta, don kada yunwa ta tuna maka kana da gida. Iyalin kirki ke nan, waɗanda ke zaɓa maka wadda za ka kira uwa.

Wani abokin aikina ɗan Ibadan ya ba ni shawara in koma in ce mahaifiyata ce a kwance. Tausayi ne ya sa shi, na sani. Amma ta yaya zan ɗora wa Hajiya ciwo da bakina tana zaune lafiya?

In na tafi ba izini, aikin ya tafi, bonas ɗin ƙarshen shekara, ƙarin da ake yi mana kan albashi, shi ma ya bi shi. Mutanen gida suna jin albashina su riƙe baki, ba su san haya da mota sun cinye shi tun kafin wata ya raba ba. Bonas ɗin shi ne ainihin ladan wahalar, shi ne kuma igiyar da suka ɗaure mu da ita. Da shi na yi niyyar kama gidan da zai ɗauke mu, in daina ganin girman Nasiha a hoto. Oga ya yi alkawarin da an sa hannu zai sake ni. Ki gaya wa Inna ina tafe.

Naki har kullum,
Abdulƙadiri

Legas, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi a madadina.

Ranar da abin ya faru muna miting da mutanen siminti, wayata tana cikin durowa, don dokar Oga ce ba a shiga da ita. Da na fito na ga saƙon ƙanena Bilyaminu, har an dawo daga maƙabarta. Na tsaya a bakin lif ban san hawa zan yi ko sauka ba.

Na gaya wa Oga. Ya dafa kafaɗata ya ce ya yi min jaje, ya ce bankin yana da wata lamba da ake kira idan mutum yana cikin damuwa. Ni da nake bukatar tabarma a ƙofar gidan Inna, mutanen unguwa suna zuwa suna yi min gaisuwa, aka miƙo min lambar waya. Bai kai ƙofar ofishinsa ba ya juyo ya tambaye ni ko lissafin da ya ba ni ya kammala. Hutun rasuwa ma da na nema, dokar ɗaya ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zancen zakaran nan da kika ba ni. Wai duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ta ce a leƙa, kuma ta hana kowa taɓa jan zakaranta, ta ce na Abdu ne in ya zo. Ga shi masu zaman makoki ne suka ci shi. Ina jin haushin bankin nan, ina jin haushin kaina da na yarda da alkawarin mutumin da ko sunana bai iya faɗa ba, A.K. yake kirana.

An sa hannu a cinikin jiya, amma Oga ko zancen sake ni bai tayar ba. Sun buɗe kwalabe, ana ta tafi.

Mijinki,
Abdulƙadiri

Legas, Disamba

Zuwa ga Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wayi gari lafiya, ke da Nasiha. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki kira ni.

An raba bonas. Ɗaya bayan ɗaya ake kiran mutum ɗaki a rufe ƙofa, kuma haramun ne ka gaya wa na kusa da kai abin da ka samu. Nawa ko hayar ɗakin da nake ciki ba zai biya ba, balle gidan da na yi miki alkawari. Oga ya ce aikina ba laifi, amma manya sun lura na nemi tafiya ana tsakiyar ciniki, wai alama ce zuciyata ba ta wurin. Ban tafi ba fa, Safiyyatu. Nema kawai na yi, aka hana ni, na zauna na yi musu aiki har Inna ta rasu. Neman ma laifi ne.

Duk da haka na koma kujerata na kunna kwamfuta, don an saba mana da haɗiye abu. Sai ga kira daga wayar Bilyaminu. Na ɗauka, na ji muryar Hajiya. Ke shaida ce, ba ta taɓa kirana ba, ko gaisuwata daga bayan labule take amsawa. Ta yi sallama, na amsa. Sannan ta ce, “Abdulƙadiri, taho gida ka yi ma uwakka addu'a.” Ta kashe wayar.

Da girmana, a gaban mutane, na kifa kai a kan tebur. Ita da ta haife ni ta san wace ce uwata, sai banki ne bai sani ba. Da na ɗago na cire katin shaidar aiki da ke wuyana na ajiye wa Oga a kan teburinsa. Ya ce in yi tunani, na ce na yi.

Ban san me zan yi a gida ba, kuma na san ke za ki fi kowa jin nauyin wannan. Ki yafe min gidan Legas. Motar Sakkwato zan hau ranar Laraba, in sauka Tambuwal in ɗauke ku mu wuce Kebbe kafin sadakar arba'in.

Ki gaida Hajiya. Ki ce mata in na iso kada ta takura kanta, ta koma “na Atu” ɗinta. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

Naki,
Abdulƙadiri