Shafinka na goma sha ɗaya

Zuwa ga aminina Mushe Isufu, kamar yadda 'yan makaranta ke kiranka da Faransanci,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ko kana raye ma sai ka gama gyara mini waƙafi kafin ka duba abin da na ce.

Wata biyu bayan mun kai ka makwanci, na ji a bakin kasuwa wai takardunka na maganin ciwon kai. Na yi dariya. Na ce Isufu da ya shekara talatin yana koyar da lissafi, yaushe ya zama malamin tsibbu?

Ka tuna abin da ya riƙe ka tun da muka ajiye alli. Zobe, wato tsarin da ake tarawa ana ninkawa a cikinsa. Ka ce in wata D ta bi dokar ninkawa, D(xy) = D(x)y + xD(y), shin dole ne ta bi ta tarawa, D(x+y) = D(x) + D(y), ba tare da an umarce ta ba? Wasu sun nuna haka bisa sharuɗɗa uku, kai kuma ka nace biyu sun isa. Kakan raba zoben ɗaki huɗu, ka zana murabba'i, ka bi ɗaki-ɗaki. To wannan murabba'in ne mutanen gidanka suka gani, da ƙananan haruffa a kowane gida, suka ce hatimi ne. Suka yayyage kayenka, littafin nan da kake rubutu a ciki, baduku ya ɗinke shafukan cikin fata. Akwai layarka har garin Ɗan Barto.

Na bi gida-gida da sandata. Wasu suka yarda na farke, na kwafa, aka sake ɗinkewa. Shafi goma na samu. Ɗakuna uku sun fita tsaf. Na huɗun, inda hujjar za ta tsaya ko ta faɗi, yana shafi na goma sha ɗaya.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da ka yi mini bayanin ɗakin nan a gindin dogon yaro, ban gane ba. Na gyaɗa kai don kada ka ga na tsufa. Ka tafi kana zaton mutum ɗaya a Matamaye ya duba aikinka. Ba wanda ya duba, Isufu. Yanzu wa zan tambaya? Liman? Direbobin tasha?

Na san inda shafin yake. Jiya aka sake ba ni labarin maganin ciwon kan nan, wai tun da aka rataya layar barci ya dawo. Reza na cikin aljihuna, ban fito da ita ba. Mai ba ni labarin tana magana tana shafa igiyar a wuyanta. Hajiya Rabi ce, matarka.

Allah ya kai haske kabarinka.

Abokin zamanka na gindin bishiya,
Mamman Sani