Jitar da Ta Cika Kyau

Saparua, 11 ga Yuni

Zuwa ga yayana, Bu Zadrak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Usi Marike da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Holan ɗin nan naku da ba ya ƙarewa. Mu nan muna godiya. Damina ta sauka da ƙarfinta, teku ya haukace, kwana huɗu ke nan jirgin ruwa bai ƙetara Ambon ba, kifi kuwa sai mai rabo. Kanumfarin bayan gida ya yi fure sosai bana, in iska ta bar mana shi. Ƙafar gwaggonmu Tanta Koba ta sake kumbura, amma bakinta lafiya lau, jiya ma sai da ta wanke maƙwabta tas a kan kaji. Papa yana ci yana sha, hannun ne dai sai a hankali.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce kana hanyar aiki, ko ka ce in taƙaita. To, takarda ba a katse ta. Sau uku kana tambayata hoton Papa da sabuwar jitarsa, sau uku ina ce maka sai an kwana biyu. Ga hoton nan a cikin ambulan, amma kada ka duba shi sai ka gama karanta abin da ya faru.

Ka san tun da jitarsa ta ƙone tare da tsohon gidanmu a shekarar rikicin addini, shekarar da ka tafi, Papa bai sake mallakar tasa ba. Abin da ya tsira kawai guntun ƙarfen nan ne mai santsi da yake zamewa da shi a kan tsirkiya, shi ma don yana aljihun wandonsa ne ranar da muka gudu. Shekara ashirin da huɗu yana aron ta coci, mai lantarki, wadda in wuta ta ɗauke sai ta zama katako. A watan Janairu likita ya gaya mini, ba a gabansa ba, cewa rawar hannun nan gaba take yi ba baya ba, kuma da wuya shekarar nan ta ƙare yana iya riƙe ƙarfen. Ban gaya masa ba, amma Papa ba yaro ba ne, hannunsa ne. Da aka yi shelar za a sabunta pela, rantsuwar zumuncinmu da ƙauyen tsallake, a watan Afrilu, sai ya ce min yana son ya yi kiɗa a wurin da jitar kansa, irin ta Hawai da ake kwantarwa a cinya, wadda ba ruwanta da lantarki tunda a bakin teku za a yi taron. Ka aiko rupiya miliyan biyu, na gode, ban raina ba. Amma ka haɗa da magana. Ka ce kada in wuce abin da ka aiko tunda tsoho ne, ba daɗewa zai yi yana kaɗawa ba, kuma in zaɓi wadda za a iya nunawa, domin za ka sa hoton a taron 'yan gida da kuke yi can, a ga ba ka manta da uba ba.

Muka ƙetara Ambon da jirgin safe, ni da shi, ya sa farar rigarsa ta Lahadi. A duk birnin shago ɗaya ne ke da irin jitar, na Ko Aheng, ɗan tsohon nan mai tabarau a goshi. Guda uku ya fito mana da su waɗanda kuɗinmu zai iya. Ta farko jita ce ta yau da kullum aka ɗaga mata tsirkiya sama. Papa ko zama bai yi da ita ba, ya juya bayanta, ya shafa wuyan, ya ce wannan ta tsaye ce aka tilasta mata kwanciya, wata shida wuyan zai lanƙwashe. Ta biyu sabuwa fil daga masana'anta, ja kamar garwashi, an zagaye bakinta da ɓawon katantanwar teku mai sheƙi, kana ganin fuskarka a jikinta. Ta ukun kuwa sai da Ko Aheng ya ja tsani ya sauko da ita daga saman kabad. Ta hannu ce, wani kafinta ya yi ta da itacen nangka tun ba a haife ni ba, wuyanta mai rami ne tun daga ciki har kai. Ruwa ya yi mata tabo a gefe, ga ƙunar taba a kafaɗa, ga tsaguwa da aka liƙe. Ko Aheng da kansa yana dariya ya ce wa Papa, wannan ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a cikinta ba. Papa ya ce ai ba aurenta ya zo yi ba.

Da ma ka ga yadda ya gwada su. Ya zauna a kan benci, ya shimfiɗa hankici a cinya, ya kwantar da jitar, ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa yana kasa kunne, har ramin sai da ya sansana. Ya duba inda tsirkiyoyin suka kama ko katakon ya fara ɗagowa, don ya ce danshin teku daga nan yake fara cin jita. Sannan ya ɗora ƙarfen, ya ja murya ɗaya tun daga ƙasa har can sama, ya bar ta, yana ƙirga da leɓe. Jar ta mutu a biyar. Ya ce fentin ya shaƙe ta, kamar mawaƙiyar da aka ɗaure wa ƙirji. Mummunar kuwa ta kai goma sha ɗaya tana kuka, har wata mata da ta zo sayen batir ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da na lura shi ne duk lokacin da ƙarfen ke kan tsirkiya hannun nan ba ya rawa. Ya ɗago ya ce wannan za mu ɗauka, ga shi ma ta fi araha.

Nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Na kalli tabon nan da ƙunar taban, na tuna hotonka da taronku, na ji kunya ta rufe ni. Na hango ka kana cewa na cinye kuɗin na saya wa Papa tarkace, domin ka taɓa faɗa min irinta a kan kuɗin kwanon rufi, in ka manta ni ban manta ba. Na dage sai jar. Na ce sabuwa ta fi ƙarko, na ce likita, na ce ƙura, na kawo dalilan da ni kaina ban yarda da su ba. Papa ya shafa mummunar, ya ce, “Lenci, jar nan ta cika kyau da za a kai ta gaban pela.” Na ɗauka ba'a yake yi. Na yi dariya, Ko Aheng ya yi dariya, na biya. Shi bai yi dariya ba, ya dai mayar da ƙarfensa aljihu.

Kwana goma sha tara ya yi da ita. Ba zan ɓoye maka ba, kwanaki ne masu daɗi. Kowace safiya bayan shayi zai fito baranda ya kaɗa har rana ta take, yana yi yana zaginta, wai kyakkyawa marar murya. Ya canza mata tsirkiya, ya kankare wani abu a ƙarƙashin gadar tsirkiyoyinta, har muryarta ta kai bakwai. Waƙoƙin da Mama take so duk ya tono su, wasu ban ji su ba tun ina makaranta. Tanta Koba ta riƙa kawo soyayyar ayaba tana zama a matakala, tana cewa ciwon ƙafa ne ya sa ta zauna.

Tunda ka daɗe a can, bari in tuna maka mene ne pela, kada ka ce min al'adar da ce. Kakanninmu da na ƙauyen tsallake sun yi rantsuwar zama 'yan'uwa, mu Kirista su Musulmi. Ba ma auren juna, kuma abin da ɗan pela ya nema a hannunka ba a hana shi, ko ayabar gonarka ce, ko rigar jikinka. Wanda ya hana, an ce cuta za ta bi 'ya'yansa. Kai ka girma a kan wannan, ni ma haka, amma a shagon nan sai na manta, domin hankalina yana Holan.

Ranar taron jiragensu suka iso da hantsi, ana ganguna, aka shimfiɗa ganyen ayaba tun daga zauren taro har bakin ruwa, aka jera sago da gasasshen kifi da rogo. Bayan an ci aka ba Papa kujera. Ya kaɗa, Bu. Ya kaɗa yadda ban taɓa ji ba, tsofaffin mata na ɓangaren biyu suna share hawaye da bakin mayafi, jitar tana walƙiya a rana ana hango ta daga nesa. Om Hamja na ƙauyen tsallake yana zaune kusa da shi. Ka tuna Om Hamja, wanda ya ɓoye mu wata biyu a rumfar shanya kanumfarinsa lokacin rikici, yana kawo mana abinci da kansa. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Da Papa ya gama, sai ya miƙa hannu yana shafa katantanwar nan, ya ce a gaban kowa, “Thobias, pela, abin nan ya shiga raina.”

Papa ya ɗauki hankici ya goge tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu, har da murmushi, ya ce masa ya riƙe ta da kyau, tana da tsiwa. Jama'a suka yi ta tafi ana cewa pela ya ƙara danƙo, ya yi kyau. Ƙarfen kaɗai ya rage, shi ma don Om Hamja bai san ana buƙatarsa ba.

To ka gaya min wa zan riƙe a zuciya. Om Hamja? Mutumin da ba don shi ba da babu ni, babu Papa, babu mai rubuta maka takarda? Bai yi laifin komai ba, abu mai kyau ya gani a hannun ɗan'uwansa ya nema, kamar yadda kakansa zai yi. Da mummunar ce da ko kallo ba ta ishe shi ba. Papa ya san haka tun a shago, ya faɗa min da bakinsa, na yi masa dariya. A hanyar gida na ce zan je in nemo ta, ai ni ma 'yar pela ce, in na nema ba za a hana ni ba. Ya tsaya cik a kan hanya ya ce in na kuskura na roƙi abin da ya riga ya bayar, ba zai ƙara cin abincin da na dafa ba. Daga nan bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya bai ce ai na gaya miki ba, kuma shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Mako na zagayowa na sayar da awarwaron da Mama ta bar min, na koma wurin Ko Aheng. Yana ganina ya girgiza kai. Wani malamin makaranta daga Seram ya saye mummunar kwana biyu bayan zuwanmu, bai ma yi ciniki ba. Ta farkon nan mai ɗagaggiyar tsirkiya ita ma ta tafi. Ya ce ba a neman irinsu sosai, sai bayan damina in jirgin Surabaya ya kawo kaya, wata huɗu ko biyar. Kai ka san abin da likita ya ce game da wata huɗu ko biyar. A watan jiya na ƙetara kai wa matar Om Hamja sago, na ga jitar. Tana rataye a bangon falo kusa da agogo, an lulluɓe ta da leda saboda ƙura. Ba wanda ya iya ta a gidan. Om Hamja ya ja ni har gabanta yana alfahari, ya ce duk baƙon da ya shigo sai ya gaya masa ta ɗan'uwansa Thobias ce. Na ce ta yi kyau a wurin, na sha shayinsa, na fito.

Yanzu Papa yana fitowa baranda bayan shayi kamar da. Yana shimfiɗa hankicin a cinya, ya ɗora wani guntun katako da ya samo a bayan kicin, ya riƙa jan ƙarfen a kai yana rera waƙar da hanci. Ta coci ya daina aro, ya ce ta yi masa nauyi. Shekaranjiya ƙarfen ya suɓuce masa sau biyu, ya gangara ƙarƙashin kujera, na yi kamar ban gani ba har ya lalubo shi da kansa.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka aiko. Laifina na ɗauka, ni na biya, ni na yi dariya. Amma kai ma ka ɗauki naka, domin ba don Papa na zaɓi jar nan ba, don idonka na zaɓe ta, da idon mutanen da ban taɓa gani ba. In kana son ka ji kiɗan ubanka, ka yi latti. In shi kake son gani, yana nan a baranda, kuma hanyar Saparua ba ta canza ba.

Ka gaida Usi Marike, ka gaida Yosias da ƙanwarsa Selfina, ka ce musu gwaggonsu tana sa su a addu'a ko da ba su san muryarta ba. Ka gaida Om Librek in har yanzu yana zuwa taron naku. Tanta Koba tana gaishe ka, ta ce ka yi ƙiba a hoto. Papa ma yana gaishe ka; bai san abin da na rubuta ba, ya dai ce in gaya maka jitar ta yi kyau, ya gode.

Yanzu kana iya duba hoton. Ranar taron aka ɗauka, kafin waƙar ƙarshe. Ka sa masa gilashi ka rataye inda baƙi za su gani. Kai da Om Hamja kowa ya samu jitar Papa a bangonsa, Papa ne kawai ba shi da ita.

Ƙanwarka,
Lenci