Ƙusar Kalanda

Litinin, 3 ga Yuni 2024
Bureka na layin soket ya sake faɗuwa da la'asar. Fitilu na ci, firji da fanka kuwa shiru. Karo na huɗu ke nan cikin mako guda. Shekara tara ina gidan nan, bai taɓa yi ba sai bana.

Laraba, 5 ga Yuni
Na fara rubuta lokacin da yake faɗuwa, kamar yadda nake koya wa 'yan ajina na kimiyya. Jiya huɗu da rabi, yau biyar saura. Daidai lokacin da Joanna ke dawowa daga kwaleji a Gidan Waya, jiƙe da ruwan sama. Ranar da babanta Levi, ɗan'uwana, ya kawo mini ita ta zauna a wurina, doka ɗaya na ba ta: ban da hitar dafa ruwa a ɗaki. Na tambaye ta. Ta ce, "Mama, ni ko caja ba na sawa sai na gaya miki." Da sauri ta amsa. Saurin ne bai kwanta mini ba.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ba ruwa yau, bai faɗi ba. To, wanda bai jiƙe ba, me zai yi da ruwan zafi?

Asabar, 8 ga Yuni
Tana wajen koyon waƙa a coci na shiga ɗakinta. Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, har cikin akwati. Citta daga gida, ƙuli, takardun jarrabawa. Babu hita. Wataƙila a jaka take yawo da shi. Ina son yarinyar nan, ni na koya mata lissafi tun tana ƙarama, amma ƙarya ba zan zauna da ita ba. In ya sake faɗuwa zan kira Levi ya zo ya ɗauke ta. Na san jarrabawarta saura mako biyu, kuma babu wuri a ɗakin kwanan ɗalibai.

Talata, 11 ga Yuni
Ya faɗi. Na tura wa Levi saƙo, na ce ina da magana da shi. Joanna ta gaishe ni, ba ta zauna cin tuwo ba. Ina jin ban ninke zannuwanta yadda ta bar su ba.

Alhamis, 13 ga Yuni
Meshak mai gyaran wuta ya zo, tsohon ɗalibina. Na ce ya fara da ɗakin Joanna. Ya ce, "Malama, ba ke kika koya mana a gwada ɗaya bayan ɗaya ba?" Ya cire komai daga soket, har firji. Ana tsakiyar ruwa ya ɗaga bureka, ya faɗi nan take. Joanna ma ba ta dawo ba.

Ya bi bangon falo da hannu, ya tsaya a kan kalandar Zumuntar Mata, wadda ke da hotonmu na taron bara. Bangon ya sha danshi. Ya kashe wuta gaba ɗaya, ya zare ƙusar, bakinta ya ƙone ƙurmus. Ta huda wayar da ke sauka zuwa soket. In bango ya bushe lafiya, in ya jiƙe sai wuta ta bi ruwa.

"Wane gwani ne ya buga wannan?" in ji shi.

A watan Janairu na buga ta, da taɓarya. Na ce masa ya yi aikinsa.

Lahadi, 16 ga Yuni
Levi ya kira bayan sujada, yana tambayar maganar da na ce zan yi masa. Na ce ba komai, addu'ar jarrabawa ce.

An yi ruwa sosai, bureka na nan tsaye. Na ɗora ruwan wanka a gas na kai ƙofar Joanna, don dai sanyi ya yi yawa. Ta kalli bokitin, ta kalle ni.

"Mama, shuɗin zanin a ƙasa nake sa shi, ba a sama ba."

Na ce na ji. Jiya na sayo mata kwaɗon ƙofa a kasuwa. Makullan biyu duka na ba ta.