An Harbi Mijina a Dajin da Kuka Hana Shi Farauta

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke kula da gandun dajin yankinmu,

Yallaɓai, ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Ladi, ina koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke bayan duwatsun Bwari. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na yi ta sintiri a ofishinka, kullum sai a ce min Oga yana mitin a Garki.

Mijina Bawa maharbi ne, gadon gidansu ne. Lokacin da aka kawo ni gidansa, idan na je rafi da safe nakan tarar da mazo na shan ruwa, wani lokaci uwa da ɗanta. Gada kuwa har cikin gonar wake take shigo mana. Maharban ƙauyenmu suna da tasu doka tun kafin a gina Abuja: daga saukar ruwan farko har a yanke dawa ba mai ɗaukar bindiga, kuma wanda ya kashe mace mai ciki sai ya tsaya gaban dattawa ya yi bayani.

A 'yan shekarun nan, da gidaje suka cinye dajin ta ɓangaren titi, dabbobin suka takure a kurmin da ya rage. Sai ma'aikatanka suka zo suka tara mu a ƙofar gidan mai gari. Suka ce mazo ya kusa ƙarewa, dajin na gwamnati ne, kowa ya daina farauta har dabbobin su sake yawa. Mutane suka yi ta gunaguni. Bawa ne ya fara miƙewa, ya je gida ya ɗauko bindigarsa ya ajiye a gabansu. Ya ce wa 'yan uwansa, "Gaskiya suka faɗa. Ni kaina yanzu sai in wuni a daji ban ga sawu ba." Da yawa suka bi shi. Wasu kuma suka laƙaba masa suna Ɗan Gwamnati, har yau ba su daina ba.

To Yallaɓai, ga abin da ya biyo baya.

Na farko, mu aka hana, ba a hana kowa ba. Ba a daɗe ba muka fara ganin manyan motoci ranakun Asabar, cike da karnuka da mutane masu bindigogin da ba mu taɓa ganin irinsu ba. Bawa ya taɓa tare wasu a bakin rafi ya tambaye su wa ya ba su izini. Ɗaya ya nuna masa takarda mai hatimi, ya ce daga ofishinka take, ya ƙara da cewa, "Baba, koma gonarka." Ni ban san ko ta gaske ce ko ta bogi ba. Kai ne za ka gaya mana.

Na biyu, ba su san rani ba, ba su san damina ba, ba su bambanta namiji da mace. A bayansu kuma ga masu ɗana tarkon waya da na ƙarfe, waɗanda ke kai nama gidajen farfesu na cikin gari. Malamin daji ɗaya ke gare mu a duk wannan yanki, dattijo ne, ba shi da ko babur. Bawa ya kai ƙara ofishinka ba sau ɗaya ba. Aka ce za a duba.

Na uku shi ne wanda ya sa ni ɗaukar biro.

A tsakiyar daminar bana, wata Asabar da hantsi, Bawa ya tafi gefen kurmi ya saro sandunan da zai kafa wa doya. Ni ina kusa, ina tsintar kaɗanya da matan unguwarmu. Muka ji harbi, muka ji haushin karnuka, can kuma muka ji wani harbin. Bayan na biyun ne na ji ihun mutum, kuma na gane muryar. Na yar da kwando na ruga. Na tarar da shi kwance cikin ciyawa, addarsa a gefe, cinyarsa ta dama ta dagargaje. Ya sunkuya ne yana ɗaure sanduna, wani daga cikin masu farautar nan ya ga ciyawa na motsi ya saki wuta. Bawa ya ce sun iso har kansa, su biyu, suka dube shi, suka juya da gudu. Kafin maza su zo daga gonaki, motarsu ta bar wurin.

A gaggawarsu sun bar abin da suka harba da farko. Mazo ce mace, da ciki. Matan da ke tare da ni sun gani, mai gari ma ya gani.

A kan babur muka kai shi asibiti, na riƙe shi ta baya, jininsa ya jiƙa min zani har ƙasa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Doyarmu ta bana ta kwanta a ƙasa ba sanduna. Mun kai rahoto ga hukuma, an tambaye mu lambar mota, ba wanda ya riƙe. Daga ofishinka kuwa ko sannu ba a aiko mana ba.

Ban rubuto don a ji tausayina ba. Abin da nake roƙo shi ne ka fito ka faɗa ko ofishinka na ba da izinin farauta a wannan daji, kuma su wa aka ba. Idan ana bayarwa, littafinku zai nuna wanda ya shiga ranar. A rufe dajin ga kowa da kowa a damina, mai babbar mota da mai takalmin roba. A ƙaro malaman daji, a ɗauki wasu daga cikin maharbanmu, tunda su suka san kowace hanya. Kuma a taimaka wa Bawa da ƙafar roba.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun da wuri. Samarinmu sun koma wurin maƙeri, bindigogi sun dawo ƙauye. Wasu na cewa in dai dabbobin ƙarewa za su yi, gara su ƙare a tukunyarmu. Wasu kuma sun rantse a coci da masallaci cewa duk motar da ta sake shigowa ba za ta fita ba. Bawa ne ke kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana kan tabarma, yana ba su haƙuri. Jiya ƙaninsa ya saurare shi har ya gama, ya tashi ya fita abinsa. Yallaɓai, ban san har yaushe za su ci gaba da jin maganarsa ba, ga shi ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, motocin da suka ɗauke ƙafa tun ranar harbin sun kusa dawowa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da iyalinka daga irin abin da ya same mu.

Wassalam.

Ladi, matar Bawa